In Mutum Ya Karye, Wa Zai Fara Ɗauka?

Da Hausa, bashi cin sa ake yi, wanda ya bayar kuma shi ne mai bi. Mun saba da kalmomin nan har ba mu jin nauyinsu, amma ku tsaya ku saurare su. Ɗaya ya ci, abin ya shige ciki. Ɗayan ya miƙe yana biye da shi, inda ya ɗauke ƙafa nan zai sa tasa. Faransanci ma da wannan hoton ya tafi, don poursuite da ƴan shari'a ke faɗi asalinta bin sawu ne, irin na mafarauci. In wanda ake bi ya gaza kuwa, sai mu ce ya karye, kamar icce ko ƙashi. Mutanen Italiya haka suka ce tun da daɗewa, banca rotta, wato karyayyen bencin ɗan canji, kuma daga can banqueroute ta fito.

To ga tambayar da nake so mu duba tare. Mutum ya karye, mutum goma na bin sa, kuma dukansu da gaskiyarsu. Ba su saci komai ba, kayansu suka ba shi da hannunsu. Daidai ne hukuma ta shiga tsakani ta ce wa su goman nan ku tsaya, kada wanda ya taɓa shi? Da wane dalili za a ce wa mai haƙƙi ya jira?

Duk wanda ya taɓa tsaron shago cikin kasuwar Tawa, ko da na hutun makaranta ne, ya san yadda labarin karyewa ke tafiya. Ba a yin shela. Wani ne zai raɗa wa wani: "Ka ji wane? Wai kayanai sun maƙale, kuɗɗin mutane na hannunai." Kafin la'asar labarin ya zaga rumfuna. Kashegari wanda bai taɓa matsa masa ba ya zo gaisuwa, gaisuwar ta yi tsawo, ido kuma na kan buhunan da ke jibge bayan shago.

Bari mu ƙaddara lissafi, don a ga abin a fili. A ce ɗan kasuwa ne mai sayar da shinkafa da mai, yana kuma ɗaukar albasa ya kai kudu. Abin da ya rage masa duka, kaya da babur da firji, ya kai miliyan 3. Ana bin sa miliyan 6. Wani Alhaji a Ƙonni da ke ba shi kaya yana bin sa miliyan 3. Asusun ba da rance yana bin sa miliyan 1 da rabi. Manoman albasa biyar daga wajen Tamaske, kowanne jika 280. Sai wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyarsa, da ta ba shi ajiyar jika 100, kuɗin adashenta. In babu mai riƙe da jingina, aka tara kowa aka raba gwargwadon bashinsa, kowa zai tashi da rabin nasa. Alhaji miliyan 1 da rabi, kowane manomi jika 140, tsohuwa jika 50. Babu mai murna, amma babu wanda ya tafi hannu rabbana.

In ba a tara kowa ba fa? Alhaji yana da mota, yana da yara, labari kuma ya riga kowa isa kunnensa. Da asuba kamyo ya tsaya ƙofar shago, ya kwashe abin da ya kai miliyan 3 ɗinsa cif. Bai yi sata ba. In ka tambaye shi zai ce: "Mi na yi? Kayana na ɗauka." Manoma sai ran Lahadi za su shigo kasuwa su tarar da shago wayam. Tsohuwa kuwa ba za ta ma zo ba, kunyar ɗan ƙawarta take ji.

Ku lura da wanda ya ci tseren. Girman haƙƙi bai sa kowa gaba ba, tsananin buƙata ma haka. Mai mota ya riga mai jaki, na cikin gari ya riga na ƙauye, marar kunya ya riga mai kunya. Akwai kuma hasarar da ba ta shiga aljihun kowa. Shago mai rai ya fi tarkacen shago daraja, don yana da masu saye da suka saba, yana da suna, yana da hanya. Injin niƙa in an ɓalle shi, wannan ya ɗauki bel, wancan ya ɗauki dutse, na uku ya ja injin, abin da ukun suka samu bai kai kuɗin injin yana aiki ba, unguwa kuma ta rasa wurin niƙa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Tseren yana hukunta haƙuri. A ce cikin masu bin nan akwai mai tsoron Allah da ya ce zai ɗaga masa ƙafa wata uku. Me haƙurinsa ya saya wa wanda ya karye? Ko kwana ɗaya bai saya masa ba, don sauran sun kwashe. Abin da ya yi kawai shi ne ya bar wa Alhaji rabonsa. Kowa ya san haka, shi ya sa mutanen kirki ma suke gudu. Ba mugunta ta kai su ƙofar shago da asuba ba, tsoron kada a riga su ne. Jinkiri irin wannan mutum ɗaya ba ya iya yin sa shi kaɗai, ko ya so. Sai dai a tsai da kowa lokaci guda, ko kuma babu wanda zai tsaya. A ganina nan ne dalilin dokar yake, kuma dalili ne da ya fi tausayi ƙarfi, don tausayi yana ga wanda ya ga dama.

Ƙasar da ta fi kai wannan tunani nesa ita ce Amurka. Dokarsu ta karyewa ta 1978, a sashe na 362, ta tanadi tsayawar da ke faɗowa da kanta. Da zarar mutum ya ajiye takardar karyewarsa a kotu, tun alƙali bai buɗe ta ba, komai ya tsaya. Ƙarar da ake yi da shi ta tsaya, yankar albashi ta tsaya, gwanjon gida ya tsaya, har kiran waya na "yaushe za ka biya" ya haramta. Wanda ya san da tsayawar ya take ta da gangan, shi zai biya diyya. Akwai abin da ba ta tarewa, kamar shari'ar laifi da kuɗin ciyar da ƴaƴa, kuma mai bin bashi yana iya zuwa ya roƙi alƙali ya buɗe masa hanya in yana da hujja. Hikimar sa ta faɗo da kanta ita ce tseren da na faɗa. In sai an jira zaman kotu, kafin a zauna kamyo ya riga ya tafi.

Da yawanmu za su ce wannan sai Turawa. To, a Nijar ma akwai irinta, kuma ba jiya ta zo ba. Ƙasarmu na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ta 17 ga Oktoba 1993 don dokar kasuwanci ta zama iri ɗaya. Dokarta ta karyewa an amince da ita a Libreville ran 10 ga Afrilu 1998, aka sake ta a Grand-Bassam ran 10 ga Satumba 2015. Tana aiki a Tawa kamar yadda take aiki a Abijan da Dakar.

Ƙofa biyu ne a cikinta da suka shafi zancenmu. Ta farko ta wanda ya ga rami gabansa amma bai faɗa ba tukuna, wadda ake kira règlement préventif. Zai je gidan shari'a da bayanin halin da yake ciki da shirin yadda zai biya. In shugaban kotu ya ga shirin mai kamawa ne, sai ya tsai da bin da kowane mai bashi ke yi shi kaɗai, na tsawon wata 3, ana iya ƙara wata 1. Tsayawar ta haɗa har da masu riƙe da jingina, amma ban da albashin ma'aikata da kuɗin ciyarwa. Ta biyu ta wanda ya riga ya kasa biyan abin da wa'adinsa ya cika. Shi doka ta ba shi kwana 30 ya je ya faɗa da bakinsa. Da kotu ta buɗe shari'ar, ko ta farfaɗo da sana'ar ce ko ta sayar da kaya a raba, doka ta 75 ta hana kowa kai ƙararsa shi kaɗai ko aiko huissier ya kwashi kaya. Kowa sai ya kai lissafinsa wurin wakilin da kotu ta naɗa, syndic, ya shiga layi ɗaya da saura. Bambancinmu da Amurka shi ne tamu sai alƙali ya sa hannu. Tsakanin ajiye takarda da sa hannun akwai ƴan kwanaki, kuma ƴan kwanakin nan sun ishi mai mota.

Yanzu bari in ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, don suna da magana, kuma ba ƙarama ba ce.

Wanda ake ce wa ya jira ba kullum Alhaji ba ne. Sau da yawa manomin nan ne na Tamaske. Ya yi wata da watanni yana ban ruwa, ya sayi mai na injin da bashi, ya ƙi sayarwa lokacin da albasa ta yi arha a Maris da Afrilu, ya zuba ta cikin rudu yana jiran ta yi kuɗi, wata ta ruɓe, sauran ya ba ɗan kasuwa a kan amana sai ya dawo. Shi ma ana bin sa. In ka ce masa ya jira wata 4, ka ce masa ya rasa lokacin irin bana. Jinkirin da ya zama numfashi ga mutum ɗaya ya zama shaƙa ga wani. Wanda bai ga nauyin wannan ba bai taɓa jiran kuɗinsa ba.

Sannan akwai ɗan wayo. Mun san shi. Bai karye ba, kwantawa ya yi. Ya maida fili da sunan ƙanensa, ya kai mota gidan surukinsa, sai ya fito yana "wallahi babu, a yi mini haƙuri." In doka ta kafa inuwa, irinsa ne zai fara shimfiɗa tabarma. Ba zato ba ne wannan. Ƙarƙashin dokar 1998 an yi ta kukan cewa wasu kamfanoni na shiga ƙofar farko don su ja lokaci kawai, tsayawar ta yi ta tafiya babu ranar ƙarewa, kuma yana cikin dalilan da suka sa gyaran 2015 ya yanka mata wa'adi. Amurka ma a 2005 ta rage ta zuwa kwana 30 ga wanda ya sake dawowa bayan an kori shari'arsa cikin shekara guda.

Amsar ɗan wayo ta fi sauƙi, sai in fara da ita. Tsayawar ta gaskiya hannu biyu take ɗaurewa. Ranar da aka hana masu bi taɓa kayan, ranar aka hana shi ma. Ba zai zaɓi abokinsa ya biya shi a ɓoye ba, ba zai sayar da fili ba, ba zai ba wani jingina ba, sai da izinin alƙali. Kotu na iya komawa baya har wata 18 ta ce tun ranar kaza ka kasa biya, kyautar da ka yi bayan ranar ba ta hau kan masu bin ka ba. Wanda aka kama ya ɓoye dukiya kuwa, laifi ne mai kai mutum gidan kaso, kuma shi ne abin da dokar ke kira banqueroute. Ku ga abin sha'awa ga mai nazarin harshe: kalmar da ta fara da ma'anar karyewa ta ƙare da ma'anar karyewar ƙarya. Wato mai gaskiya ne kawai ya kamata ya so shiga wannan inuwar, don farashinta shi ne ka buɗe littafinka kowa ya gani. A gaskiya ɗan wayo ya fi jin daɗi inda babu tsari, don a can ne yake biyan mai ƙarfi ya share mai rauni, babu mai tambayarsa.

Amsar manomi ta fi wuya. Abin da zan iya ce masa shi ne ya duba wanda ya ci tseren a lissafinmu na sama. In an bar kowa ya bi, shi ba jika 280 zai samu yau ba, babu zai samu har abada. Tsayawar tana kare wanda ya karye daga masu bin sa, gaskiya ne, amma tana kuma kare ƙananan masu bi daga manyansu. Sai dai wannan amsa ba ta sayen iri, kuma zan dawo kanta.

Akwai kuma wani zato da ke ɓoye cikin fushinmu ga wanda ya karye, cewa lalle da laifinsa. Wani lokaci haka ne. Amma ku tuna abin da muka gani da idonmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, iyakar Najeriya da ta Benin suka rufe, manyan motoci suka yi layi, har zuwa Fabrairu 2024 da aka ɗage takunkumin. Albasa ba ta jiran a gama taron shugabanni. Wanda kayansa suka lalace a hanya cikin watannin nan, wane ganganci ya yi? Gwamnatin ƙasa kanta ta kasa biyan wasu basussukanta a kan lokaci, don an toshe mata asusu a BCEAO. Kafin nan, lokacin korona, ƙasashen G20 sun dakatar da karɓar biyan bashi daga ƙasashe matalauta tun Mayu 2020 har ƙarshen 2021, Nijar na cikin waɗanda suka amfana. Ƙasa guda ta san daɗin a ce mata huta tukuna. Ban ga dalilin da zai sa mai shago ɗaya ya fi ƙasa juriya ba.

Wani ɗan'uwa zai ce, mu Musulmi ne, me ya kai mu Libreville? To, sai ya koma zauren malaminsu, don babin na nan cikin littattafan da ake karantawa a unguwanninmu. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kuma ya kira jan ƙafar mai hali zalunci. Ka ga an raba wanda ya kasa da wanda ya ƙi, kuma duk rigimar da muke yi a kan wannan rabon take. Malaman Malikiyya ba su tsaya ga wa'azi ba, sun yi tsari, shi ne babin taflisi da ke cikin Muhtasar na Halil, Risala ma ta taɓo hukuncinsa. Alƙali zai hana wanda bashi ya cinye dukiyarsa taɓa ta, a sayar, a raba wa masu bi gwargwadon bashin kowa. Za a bar masa tufafinsa da abin da zai ci da iyalinsa na ɗan lokaci. Wanda ya tarar da ainihin kayan da ya sayar masa suna nan, yana da zaɓin ya ɗauki abinsa. Wanda aka tabbatar ba shi da komai kuwa ba a tsare shi.

Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina, Usaifi'u, mai sayen raƙuma da tsada don ya riga mahajjata isa, har bashi ya rufe shi. Sayyadina Umar ya yi shela cewa duk mai bin sa ya zo da safe, za a raba abin da yake da shi tsakaninsu. Abin da ya ja hankalina shi ne safiyar nan. Ba a ce kowa ya je ya karɓa ba. An sa lokaci ɗaya, wuri ɗaya, ga kowa. Daren da ke tsakanin shelar da safiyar, shi ne tsayawar da muke magana a kai, ko da dare ɗaya ne.

To in doka na nan, fiƙihu na nan, me ya sa kamyo ke ci gaba da zuwa da asuba?

Na farko, harshe. Dokar da Faransanci take, Faransancin lauyoyi ma, wanda mu da muke jami'a sai mun karanta jimla sau uku. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, amma mai shagon da dokar ta fi shafa bai taɓa jin ta da harshen da yake ciniki da shi ba. Na biyu, takarda. Kotu na son lissafin shekara, jerin masu bi da adireshinsu. Cinikinmu kuwa a ka yake, ko cikin kaye ɗin ɗan makaranta da mai ya jiƙa. Gyaran 2015 ya yi ƙoƙari. Ya buɗe ƙofa ga duk mai sana'ar kansa, har manomi da mai aikin hannu, ya kuma sauƙaƙa hanya ga ƙaramar sana'a, wadda ma'aikatanta ba su wuce 20 ba, cinikinta na shekara bai wuce miliyan 50 ba. Amma mai albashi da bashi ya shaƙe, kamar malamin makaranta, ba ya ciki. Abin da ya rage masa shi ne doka ta 39 ta ɗaya dokar OHADA, ta ƙwato bashi, wadda ta ba alƙali damar jinkirta masa ko rarraba masa biya har shekara 1, a kan bashin da aka kawo gabansa kawai.

Na uku kuma, wanda ya fi duka, kunya. Doka ta ce ka je ka faɗa cikin kwana 30. Ba'adare ya je gaban alƙali ya ce na karye? Ya gwammace ya ci bashin wane ya toshe bakin wane, ya sa sabuwar shadda ran Juma'a don kada a gane, rami na ƙara zurfi. Lokacin da asiri zai tonu, rabin da za a raba ya koma kashi ɗaya cikin goma. Muna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ranar da na wani ya fito waje kallon da muke masa ba na mai hanji irin namu ba ne.

Shi ya sa muka ƙirƙiro tamu tsayawar, wato tasha. Adar ta yi suna wajen tafiya biɗa, Abijan, Kamaru, Najeriya, Libiya, Aljeriya, kuma mafi yawan masu tafiya guminsu suka je nema, babu mai bin su ko dala. Amma kowane ƙauye ya san wanda ya fita da dare babu sallama, aka ce "ya tahi Kudduwar", kowa kuma ya gane. Ta wani gefen tana aiki, don ba a bin wanda ba a gani. Sai dai bin ba ya tsayawa, juyawa yake yi. Ya koma kan matar da aka bari da yara, ta sayar da akuya da kwanonin aurenta. Ya koma kan tsohon da zai ba da gonar gado jingina don kada a kira sunan gidansa a fada. Masu bi ba su samu rabo na adalci ba, sana'ar ta mutu, shi kuma yana can yana tura baro, yana tsoron ɗaga waya in ya ga lambar gida. Duk abin da tsayawar doka ke son karewa, wannan ta zubar da shi.

Ni ban tsammanin gobe ƴan kasuwar Tawa za su yi layi ƙofar kotu ba. Amma abin da tsarin ke buƙata ba shi da yawa, kuma muna da masu iya riƙe shi. Sarakunan gargajiya doka ta ba su ikon sulhu, kowace sana'a a kasuwa tana da shugabanta, kowace unguwa da limaminta. A ce ƴan kasuwa su yarda tsakaninsu: wanda ya zo da ƙafarsa gaban shugaban sana'a da shaidu ya ce na kasa, daga wannan sa'a an sa wa sitonsa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya gare shi, ɗaya ga amintacce. Kwana 40 babu mai fitar da ko buhu, shi ko waninsa. A aika wa na ƙauye kamar yadda aka gaya wa na gari. A karanta sunan kowa da abin da yake bi a gaban kowa. Wanda ya riga ya kwashe cikin makon ya maido, in ya ƙi ƴan kasuwa sun san yadda suke yi da wanda ya ƙi. Wanda ya zo da kansa kuma a daina yi masa kallon ɓarawo, don in zuwan bai fi gudu mutunci ba, babu mai zuwa.

Na ce zan dawo kan manomi. Dokar OHADA ta keɓe albashi daga jira a ƙofar farko, ta kuma sa shi gaba wajen rabo, don ta san mai aiki da ƙarfinsa ba shi da wata ajiya. Ni a ganina kuɗin albasar ƙaramin manomi albashi ne da wani suna, gumin rani guda ne, haka ma adashen tsohuwa. In da ni ke tsara yarjejeniyar kasuwa, ƙananan basussuka irin waɗannan za a fara cirewa, sannan manya su raba saura. Wasu cikin ƙungiyarmu, musamman masu karatun shari'a, ba su yarda ba. Suna cewa ranar da Alhaji ya san shi ne na ƙarshe a layi, zai daina ba da kaya bashi, ko ya ƙara kuɗi, kuma yaran da ke fara sana'a da kayan lamuni su za su fara ji a jikinsu. Hujja ce mai nauyi. Amma Alhajin da ya rasa jika 500 cikin lissafinmu gobe zai buɗe sitonsa, manomin da ya rasa jika 140 kuwa wataƙila bana ba zai shuka ba, kuma a kan wannan nake tsaye.

Saura suna. In za a karanta dokar nan a rediyo da Hausa, me za a kira ta? "Ɗaga ƙafa" ita ta fara zuwa baki, amma alfarma ce, mai ɗagawa yana iya saukewa duk sa'ar da ya so. "Jinkiri" ya yi kama da laifin mai jan ƙafa. "Lamuni" ya tafi wajen tsaya wa wani. "Sararawa" ta yi daɗi, sai dai tana kallon wanda ake bi kawai, ta mance da tsohuwa da manoma. Na fi karkata ga "tsai da bi", don ta faɗi abin da aka tsayar ba ta ce an yafe ba, ko da yake a kunne ba ta zauna sosai ba tukuna. Mutanen Buza da Kaita da Illela, ku tambayi tsofaffin ƴan kasuwarku abin da suke cewa in an tara masu bin mutum aka hana kowa ɗauka. Wanda ya samo kalmar ya kawo ta zamanmu na gaba.